Gadon da Ba a Rabawa a Gaban Alƙali

Duk wanda ya taɓa shiga karar Mai'adua ranar Lahadi ya san ba a sayen dabbar kiwo da ka. Mai neman saniyar yanka ƙiba kawai yake dubawa, amma mai neman wadda zai zuba a garke sai ya tsaya ya yi tambaya: daga wane garke ta fito, uwarta tana da nono, ta saba haihuwa lafiya ko kuwa mai ɓari ce? Dillali ya hango dabba daga nesa zai gaya maka ko Bunaji ce fara mai baƙin kunne, ko Rahaji ja mai dogon ƙaho, ko kuwa irin Azawak ɗin nan da ake korowa daga Nijar ta Kwangwalam. Ba wanda zai haɗa rago da tunkiya 'yan Uda, masu gaba baƙi baya fari, sa'an nan ya zauna yana jiran su haifa masa Balami. Haka kuma manomin gero a Zango ko Sandamu, tun yana girbi yake ware zangarniyar da ta fi tsawo da cika, ya ɗaure ta dabam, ko yunwa ta matsa ba ya taɓa ta, domin ita ce iri.

Mutanen nan ba su shiga ajin kimiyya ba, amma abin da suke aiki da shi kullum shi ne tushen ilmin gadon halitta, watau sanin yadda siffar iyaye take sauka a kan 'ya'ya. Abin da ke ba ni mamaki, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne yadda al'ummar da ta ƙware haka wajen zaɓen irin dabba da irin hatsi take rufe ido idan magana ta zo kan jinin 'ya'yanta. Mu kuma da aka tura makaranta, aka koya mana abin a aji har muka rubuta shi a jarrabawa, mun fi kowa shiru.

Kada wani ya ce Bahaushe ba ya binciken asali kafin aure. Yana yi, har ma yakan wuce gona da iri. Sai dai a duba abin da ake bincikawa. An sha fasa aure don an ce kakan yarinya kuturu ne, alhali kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano tun 1873, kuma yau ana warkar da ita da magani. An sha fasa aure don an ce dangin uwar yaro mayu ne, abin da ba wanda ya taɓa kafa hujja a kansa. Amma amosanin jini, wanda muke kira sikila, wanda shi ne gado na haƙiƙa, mai bin ƙa'idar da yaro ɗan firamare zai iya lissafawa da tsakuwa huɗu, shi ba ya cikin tambayoyin da wakilai ke yi a zaure.

Bari mu fara da ƙa'idar, don kada maganar ta zama ta 'yan sashen likitanci kaɗai. Wani limamin Kirista mai suna Gregor Mendel, a garin Brno da ke Jamhuriyar Cek ta yanzu, ya shafe shekara 1856 zuwa 1863 yana barbarar wani irin wake na Turawa a lambun gidan ibadarsu. Ya haɗa mai dogon kara da gajere, sai 'ya'yan suka fito dogaye gaba ɗaya, kamar gajarta ta ɓace. Da ya bar waɗannan dogayen suka yi barbara a junansu, sai ga gajarta ta dawo a jikoki: ya ƙirga dogaye 787, gajeru 277, watau kusan uku bisa ɗaya. Daga nan ya fahimci cewa kowace siffa tana da ƙwayar gado biyu a jikin mai ita, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wata ƙwayar takan danne 'yar'uwarta ba tare da ta kashe ta ba. Wadda aka danne tana nan kwance, tana jiran ranar da za ta gamu da irinta. Ya buga sakamakon aikinsa a 1866, duniya ta yi biris da shi har ya mutu, sai a 1900 aka tono shi.

Bayansa aka gano inda ƙwayoyin gadon suke zaune. Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kuma a tsakiyar kusan kowace akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, guda 46, jere biyu-biyu, watau tagwaye 23. Zaren kansa da sinadarin DNA aka yi shi, wanda aka bayyana siffarsa a 1953, kuma a kansa ƙwayoyin gado wajen 20,000 suke jere kamar 'ya'yan carbi. Ƙwan mace yana ɗauke da zare 23, maniyyin namiji 23, in sun haɗu lissafi ya cika 46. Kowace halitta da nata adadin. Doki yana da 64, jaki 62, shi ya sa alfadarin da suka haifa ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, don haka ba ya haihuwa. Kakanninmu sun san alfadari ba ya haihuwa, dalilin ne kawai ya jira madubin likita.

A nan dole in ɗan ratse. Cikin tagwayen nan 23 akwai ɗaya da ke yanke ko jariri namiji ne ko mace. Mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Uwa ba ta da abin bayarwa sai X, uba ne ke ba da X a sami mace, ko Y a sami namiji. Saboda haka maigidan da ya ɗaure wa matarsa fuska ranar suna don ta sake haifar mace, ko ya yi mata kishiya don neman magaji, ya kai ƙara ne a kan abin da daga wajensa ya fito. An san wannan tun 1905, amma har yau akwai mai digiri da ke barin uwarsa da 'yan'uwansa mata su yi wa matarsa gori, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Wannan batu na siffa ta ɓuya ta sake ɓullowa ba baƙo ba ne a wajen Musulmi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Balarabe da ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa don launin yaron ya saɓa da nasa. Sai aka tambaye shi launin raƙumansa, da ko akan sami mai wani launi dabam a cikinsu, da kuma daga ina yake jin wannan launi ya fito. Da mutumin ya amsa cewa wataƙila daga kakannin raƙumin ne, sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne. Da dabbar kiwo aka yi masa misali, kamar dai yadda za a yi wa mutumin Mai'adua.

To, mu dawo kan jini. Abin da ke ba jini launin ja, yake kuma ɗaukar iskar numfashi zuwa gaɓoɓi, shi ake kira himogulobin. Ƙwayar gadon da ke sarrafa shi tana da nau'i na yau da kullum da ake kira A, da wani da ake kira S, da kuma C wanda bai cika yawa a nan arewa ba. Kowa yana da biyu. Mai AA lafiya lau. Mai AS shi ma lafiya lau yake, yana noma, yana dambe, tana ɗaukar ciki tana haihuwa, domin A ta danne S kamar yadda tsawo ya danne gajarta a lambun Mendel. Mai SS shi ne mai ciwon. Jajayen ƙwayoyin jininsa, maimakon su zauna kewayayyu masu laushi, sai su lanƙwashe kamar lauje su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, tasa kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Daga nan ake samun kumburin hannu da ƙafa tun yaro yana wajen wata shida, da rawayar ido, da ƙarancin jini, da kumburin saifa, da ciwon ƙashin nan da ke hana gida barci musamman da hunturu, wani lokaci har da shanyewar ɓarin jiki ga yaro ɗan shekara biyar. A kula, wannan dabam yake da rukunin jini na A da B da O da ake dubawa in za a yi ƙarin jini. Da yawa sukan ce sun san jininsu, alhali rukunin suka sani.

Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da hanya huɗu: A ta gamu da A, ko A ta uba da S ta uwa, ko S ta uba da A ta uwa, ko S ta gamu da S. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Kuskuren da ya fi yawa, har a bakin masu ilmi, shi ne a ɗauka cewa in an haifi huɗu ɗaya ne zai kamu, saboda haka in na fari ya fito da ciwon an biya bashi, ko kuma in an tsaya a uku an tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne, mahaifa ba ta riƙe da littafin abin da ya wuce. Ana iya haifar biyar lafiya, ana iya haifar uku a jere duk masu ciwon. In ka yi lissafin ga gidan da aka haifi 'ya'ya shida, wanda ba abin mamaki ba ne a ƙasar Daura, za ka ga cikin irin waɗannan gidaje goma, fiye da takwas za su sami aƙalla yaro ɗaya mai SS.

Me ya sa S ta yi yawa haka a cikinmu? Amsar tana wajen sauro. A 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Watau ƙwayar nan garkuwa ce ga mai ɗaya, masifa ga mai biyu, shi ya sa ba ta ƙare ba duk da yawan yaran da take kashewa. Ba ma sai mun je Gabashin Afirka neman shaida ba. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban bincike a kan zazzaɓin sauro a ƙauyukan Garki, a Jihar Kano ta lokacin, Jigawa ta yanzu, ƙasa mai yashi da gero irin tamu. Alan Fleming, farfesan ilmin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen wurin, suka buga sakamako a 1979. Sun sami wajen jariri ɗaya cikin huɗu mai AS ne, kuma wajen biyu cikin ɗari masu SS ne. Amma da suka duba yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu, masu SS ba su kai rabin ɗaya cikin ɗari ba, a cikin manya kuwa da ƙyar ake samun ko ɗaya. Ina sauran suka tafi? Suna maƙabarta, kuma mafi yawansu ba wanda ya san sunan abin da ya kashe su.

Mu kuwa muna da sunan da muka ba abin. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya mukan ce tana wabi, a raɗa wa jaririn Ajuji ko Ayashe don a nuna wa mutuwa ba a damu da shi ba. Ba na cewa kowane wabi sikila ne, domin ƙyanda da gudawa da zazzaɓi sun ci nasu rabon. Amma babu shakka cikin matan da aka yi wa kallon masu baƙin jini, aka kai su wajen boka, aka sake su, akwai da yawa waɗanda laifinsu kawai shi ne sun ba da rabin abin da miji ya ba da ɗaya rabin. Ba a taɓa haifar mai SS daga gefe ɗaya ba.

Yau an sami sauƙi. Da allurar rigakafi, da maganin sauro, da gidan sauro, da yawan shan ruwa, da maganin nan haidiroksiyuriya wanda aka gwada amfaninsa wajen kare yara daga shanyewar jiki a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, masu SS suna girma, suna karatu, wasunsu muna zaune aji ɗaya da su. Amma nauyin yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 masu ciwon a Nijeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami yaro ɗaya cikin biyar yana ɗauke da AS. Warkewa ɗungurungum sai da dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya a Benin a 2011, ko kuma sabon maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya. A sayar da shanun karar Mai'adua na Lahadi guda a ga yara nawa za su biya wa.

Na san abin da za a ce. Za a ce ciwo da lafiya na Allah ne, kuma gwaji shiga hurumin ƙaddara ne. Lalle na Allah ne. Amma fari ma na Allah ne, bai kuwa hana manomi ajiye iri mai saurin nuna ba, kuma ba mu taɓa jin an ce makiyayin da ya ƙi sayen saniya mai ɓari ya yi jayayya da ƙaddara ba. Wanda ya san rami yana gabansa ya taka, sa'an nan ya ce haka Allah ya so, ya ɗora wa tawakkali kayan da ba nasa ba. Balle ma ba shi ne zai faɗa ramin ba, yaron da ba a yi shawara da shi ba ne.

Wasu 'yan boko kuma sukan ɗora laifin duka a kan auren zumunci. A nan ban bi su ba. Gaskiya ne 'ya'yan wa da ƙane sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, don haka abin da ya ɓuya a jikin kaka yana da sauƙin gamuwa da kansa a jikoki, kuma gidan da aka taɓa haifar mai SS ya kamata ya yi hattara ƙwarai. Amma a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake ɗauke da S, auren bare ba mafaka ba ne. Lissafi ya nuna ko da ka aka haɗa aure, wajen ɗaya cikin 16 zai zama AS da AS. 'Yar kawunka mai AA ta fi maka 'yar Legas mai AS, in kai AS ne. Yaƙi da auren zumunci yaƙi ne da tsofaffi wanda ba za mu ci ba, kuma ba shi ne maganin ba. Ɗigon jini daga yatsa shi ne maganin.

Saura batun doka. A watan Mayu na 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila. Abu ne mai kyau, amma ina jin tsoron mu ɗauka cewa da takardar gwaji a hannun liman magana ta ƙare. Sa'udiyya ta wajabta irin wannan gwaji tun 2004, amma binciken shekarun farko ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda aka gaya musu akwai haɗari sun yi aurensu. Dalilin ba boyayye ba ne. In an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, an sayi gado da kwanuka, 'yan'uwa sun taso daga Matamaye da Damagaram, wane ne zai iya miƙewa ya ce a fasa? A wannan gaɓa gwaji ba ya haifar da komi sai kuka, ko kuwa neman wanda zai rubuta AA a takarda a ba shi na goro. Gwajin da ke da amfani shi ne wanda aka yi tun zuciya ba ta kamu ba: jariri a asibiti, yaro ranar shiga sakandare, ɗalibi a makon rajista. Wanda ya san shi AS ne tun yana shekara 15 zai yi tambayar a farkon zance, lokacin da rabuwa ba ta fi ɓacin ran kwana biyu ba.

Sai dai akwai haɗarin da dole mu tsare, in ba haka ba gyara ya zama ɓarna. Mun san halinmu: abin da ya sami kuturu da jikokinsa yana iya samun mai AS, musamman mace. Ranar da aka fara cewa 'yar gidan wane mai jinin sikila ce, samari su watse, to daga ranar ba uban da zai sake yarda a gwada 'yarsa. Dole duk inda muka yi wannan bayani mu haɗa da cewa AS ba ciwo ba ne, kuma mai AS ya auri mai AA ba za su haifi mai SS ba. Ko mai SS ɗin kansa, in ya auri mai AA, 'ya'yansu duka AS za su zama. Ba wanda jininsa ya haramta masa aure, haɗin ne kawai ake dubawa. Sakamakon gwaji kuma sirrin mai shi ne, bai kamata a manna shi a allon makaranta ko a karanta shi a zaure ba.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, Ƙungiyarmu takan sami kuɗin makon al'adu da na walimar yaye shugabanni. Ba zai gagare ta ba ta haɗa kai da asibitin jami'a a gwada kowane sabon ɗalibi, a kuma zaunar da shi a fassara masa abin da haruffan ke nufi, domin takarda ba bayani ba ta da amfani. Ranar 19 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa wannan ciwo tun 2008, ta fi cancantar a kai tawaga makarantun Mai'adua da Baure fiye da a taru a zauren taro ana yi wa juna lacca da Turanci. Ku kuma da kuka riga mu kama aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ko ma'aikatar lafiya, ku ne ke rubuta kasafin kuɗi. Yanzu akwai ƙananan kayan gwaji masu ba da amsa cikin mintoci da ɗigon jini, waɗanda ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye zai iya aiki da su ranar da uwa ta kawo jariri rigakafi.

Wanda zai je gwaji kuma ya lura da abu biyu. Akwai tsohon gwajin da kawai yake nuna ko akwai S a jini, ba ya bambanta AS da SS, don haka a nemi wanda ke fitar da haruffan biyu sosai. Wanda kuma aka yi wa ƙarin jini ya dakata wata uku, domin jinin baƙo yana iya ɓoye nasa. In sakamakon wurare biyu ya saɓa, a je na uku a babban asibiti kafin a kai goro.